Baban da Ya Rasu Bara

Daren Laraba, Sha'aban. Kaura Namoda.

Yau na samu ƙanena Sani a wayar tarho. Ba zai zo ba, ga jikin Baba kullum baya yake yi.

Sani kurtu ne a sojan sama, kurtu kuwa ba ya zuwa wurin kwamanda da ƙafarsa. Sajan zai gaya wa, sajan ya kai wa hafsa, hafsa ya kai sama. Maganar neman hutunsa ta hau ta sauko da amsa guda: ai babanka ya rasu bara, mun ba ka hutu.

Baba Ƙarami ne ya rasu bara a Zurmi, ƙanen Baba, wanda ya riƙe Sani ya sa shi makaranta. Da yaron ya ce musu babansa ya rasu, ba ƙarya ya yi ba. Da wane suna zai kira shi?

Na ce ya yi musu bayani. Ya ce, "Yaya, wa zan yi wa? Sajan ya ce ba ya hawa da magana ɗaya sau biyu."

Abin takaici, ko kotun Shari'ar da aka buɗe mana tana kiran shaida, amma duk manyan nan ba wanda ya nemi jin ta bakin yaron.

Ɗazu Baba ya ji motsin ƙofa ya ce, "Sani ne?" Na ce yana hanya. Mutumin da suka ce ya rasu bara ya ce in ajiye wa yaron fura.