Faifan Inna a Katsina

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Kurfi lafiya lau.

Albishirinka! Faifan da Inna ta saƙa yana cikin kayan hannun da aka baje na mako biyu a ɗakin kayan gargajiya a Katsina. Mun kai ta can a motar hatsi. Tana hango silin kaba ya warware a jikin faifan, sai ta miƙa hannu. Mai gadi ya ce, "Iya, ba a taɓawa!" Ta ce, "Ɗan nan, wata guda ina taɓa shi, sai yau za a hana ni?" Nan take ya durƙusa ya gaishe ta.

Ka gaida Hajara da yara, a sa mu a addu'a. Inna ta ce in gaya maka, sai da ta gyara abinta muka fito.

Ƙanenka,
Lawal