Bindigar Feshina ta Farko

Litinin, 3 ga Maris

Darakta ya ba ni aikin! Zan mayar da jarumar fim ɗinsa tsohuwa tukuf, kuma kyamara za ta matso har kan hancinta. Ya ce soso da burushina ba za su yi ba, in nemi bindigar feshi, 'yar ƙaramar nan mai kama da biro. Na ce masa na iya ta. Ko taɓa ta ban taɓa yi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mai shago ya jera mini biyu. Ɗaya dannawa kawai ake yi, iska da fenti su fito tare. Ɗayar sai ka danna iska ta fito, sannan ka ja baya a hankali fenti ya biyo, siriri ko da kauri, yadda yatsanka ya so. "Hajiya, ɗauki mai sauƙin, 'yan koyo duk da ita suke farawa." Wai 'yan koyo. Ni da na yi yankan wuƙar ƙarya har wani direba ya sume? Mai wuyar na ɗauka, mai siririyar allura.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta tofa mini fenti a ido.

Lahadi, 9 ga Maris

Ashe fentin ne ya yi kauri. Sai ya koma kamar madara take yarda. Na cika kwali da ɗige-ɗige, yatsana ya ƙage. Baba ya wuce ta tsakar gida, ya ji ƙugin injin da ke ba bindigar iska, ya ce, "Har yanzu wasan yaran?" Na ci gaba da feshina. Ra'ayinsa bai dame ni ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gwada a fuskar Yaya. Tana ta mita wai sanyin iskar na yi mata cakulkuli. Na fesa duhu a ƙarƙashin ido, na zurfafa kumatu, na yayyafa tabon tsufa a goshi, na ja jijiyoyi a bayan hannu. Babu sawun burushi ko ɗaya, kamar daga cikin fatar suka fito.

Sai Baba ya ɗaga labule zai tambayi makullinsa. Ya tsaya cak. Ya kira sunan Mama, Allah ya jiƙanta. A lokacin ni ma na gani. Ita ce sak, kamar a shekararta ta ƙarshe.

Yaya ta miƙa hannu za ta goge. Ya ce, "Bari tukuna, 'yar nan." Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallo.

Talata, 18 ga Maris

An ɗauki fim. Mai kyamara ya rusuna ya gaida jarumar, "Sannu Kaka," kafin ya gane ta. Darakta ya tambayi inda na koya. Na yi murmushi kawai.

Asabar, 22 ga Maris

Yau ban rufe ƙofa ba da nake aiki. Zafi ne ya yi yawa. Baba ya jawo kujera bakin ƙofa, wai nan ne iska ke kaɗawa. Na ɗan juya teburin ta wajensa. Saboda haske.