Sitiyarin Malam

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau raina ya ɓaci. Ina ɗaki na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida, na ɗaga labule, sai ga Sagir autana da wani mai wayarin ɗin mota, Lawan, wai daga kasuwar Panteka. Sun buɗe jif ɗin Malam, kansu a ƙarƙashin sitiyari. Ko takaba ban fita ba. Tabarmin zaman makoki ma ba a gama mayar wa masu su ba.
Na kira Sagir. Wai wasu 'yan maɓallai biyu za a sa a bayan sitiyari, mutum ya riƙa canja giya da yatsu ba sai ya kai hannu ga sanda ba. Na ce motar ba da kanta take canjawa ba? Ya ce, "Umma, a taɓo ba ta san abin da take yi ba, sai an sauko da ita da hannu." Na ce shekara nawa ubanka yana shiga taɓon nan da ita a haka? Ya sunkuyar da kai.

Laraba, 3 ga Yuli
Ashe ba ƙari kawai za a yi ba, sitiyarin gaba ɗaya za a cire a sa wani ɗan Beljiyam. Na gan shi a leda, baƙi, sumul, da 'yan kunnuwa biyu kamar na jemage.
Na Malam kuwa fata ce a jikinsa, ja, wani baduku a Unguwar Shanu ya ɗinka masa tun motar tana sabuwa a hannunmu. Inda yake riƙewa ta yi baƙi tana sheƙi, har wurin babban yatsansa ya lotsa. Shi za a jefa cikin kwandon bola don gayu.
Na ɗauke makullin. Yana cikin kwallar da nake ajiye daddawa.

Juma'a, 5 ga Yuli
Lawan ya dawo, ya tsaya daga bakin ƙofa. "Mama, wallahi aikin tsaf zan yi, waya uku ce kawai, ko hon ba zai canja murya ba." Na ce masa ta bayan labule, wanda ya koya maka taɓa kayan mamaci bai koya maka gaisuwar ta'aziyya ba? Sai a lokacin ya ce Allah ya jiƙan Malam. Na amsa, don addu'a ce.
Sagir bai ci tuwon ba. Ya sha zamansa.

Asabar, 6 ga Yuli
Ruwa tun safe. Malam, da kana nan da tuni ka ce masara tana dariya.

Litinin, 8 ga Yuli
Buhunan taki suna jibge a zaure, ƙasansu ya fara jiƙa. Sagir ya ce in ba a kai gona satin nan ba masarar ta wuce lokaci, kuma babu mai a-kori-kura da zai yarda ya shiga hanyar nan bayan rafi. Na ce ga mota nan yadda ubanka ya bar ta, ka yi mini alkawarin ba za a taɓa sitiyarin ba in ba ka makulli. Ya ce, "A haka ba zan iya ba." Na ce ba za ka iya ba ko ba ka so? Ya fita bai ko rufe ƙofa ba.
Yaran yanzu. Abin da suka gani a waya shi ne addininsu. Gonar da muke ci daga ita ce zai bari ta lalace saboda kunnen jemage.

Laraba, 10 ga Yuli
Garba mai tsaron gonar ya zo jin zancen taki. Ya zauna a zaure, ni ina daga ciki. Na ba shi labari don ya taya ni jin haushi, sai ya yi dariya, har ya ba ni kunya.
Ya ce, "Hajiya, ai duk ƙauyen sun san su. Sagir sitiyari, Malam giya." Wai tun da idon Malam ya fara rauni Sagir ke jan motar. In sun iso gangaren rafi, yaron ya riƙe sitiyari da hannu biyu, Malam na gefe da hannunsa a kan sanda. Sagir ya ce "Abba, biyu," Malam ya ja. Ya ce "ɗaya," ya ja. Wai har yaran ƙauyen suna kwaikwayonsu da kara.
Kafaɗar Sagir ta dama. Tun faɗuwar babur ɗin nan ba ta da ƙarfi, ni na yi jinyarta, ni na shafa mata man kaɗanya. Yatsun lafiya lau, jan abu ne ba ya iyawa. Ban taɓa kawo sandar giya a raina ba, ban taɓa bin su gona da damina ba.
To me ya hana shi faɗa mini? Halin ubansa sak. Su mutu da magana a ciki.

Alhamis, 11 ga Yuli
Har yanzu ina jin haushi. Su biyun duka. Kai ma Malam, kullum ka dawo kana yabon tuƙin yaron, ba ka taɓa cewa da hannunka a ciki ba.
Da hantsi na hango Sagir a cikin motar, a kashe, ƙofa a buɗe. Bai taɓa komai ba, kujerar gefe kawai yake kallo.

Asabar, 13 ga Yuli
Na fito da makullin yana warin daddawa, Lawan ya shinshina ya kama aikinsa, ya yi hankali. Ya gaishe ni yadda ya kamata wannan karon. Ya ciro tsohon sitiyarin ya miƙo mini da hannu biyu.
Na sa reza na warware ɗinkin badukun a hankali, fatar ta fito ba ta yage ba. Sabon sitiyarin da zan ɗinka ta a kai ya ɗan fi siriri, sai da na rage bakinta, na kuma yanka mata hanya a baya don kunnuwan nan su samu motsi. Basilla ta soke ni sau biyu. Na daidaita wurin yatsan Malam inda na yaron zai sauka.
Sun loda taki sun tafi, Garba a kujerar gefe. Ban ce na yarda da abin ba, har yanzu kamar jemage yake. Na dai ce wa Sagir in ya isa gangaren rafin ya riƙa faɗin giyar da baki kamar da, ko ba mai ja.