Ledar Ƙarin Ruwa a Hammata

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan? A gaishe mini da Gwaggo Clothilde, a ce mata har mafarkin miyarta ta kuɓewa da jatan lande nake yi.

Albishirinka! Na gama horon agajin gaggawa, yanzu ni ce mataimakiyar likita a bataliyarmu nan Alaska. Kada sanyi ya dame ka, ana sabawa.

Makon jiya muna atisaye a kan dutse, wani soja mai suna Tyrell ya faɗo, cinyarsa ta karye, jini kamar famfo. Na ɗaure cinyar tamau, na ce a kawo ledar ƙarin ruwa. Duk wadda aka ciro daga jaka ta daskare. Sai na zuge rigata, na zaro tawa daga hammata, da ɗuminta.

Saje Dombrowski, mai tsokanata wai ni kaza ce mai kwanci saboda ledar da nake ɓoyewa a riga, ya tsaya yana kallona. Na miƙa masa ledar, na ce, "Saje, ɗaga ƙwan nan sama, ka daina kallona!" Tyrell ya rayu, ƙafarsa ma tana nan. Yanzu Saje leda biyu yake cusawa a riga.

A wurinka na koya, yadda kake sa 'yan tsaki a rigarka idan sanyi ya sauko.

Ka yi haƙuri da rubutun. Sai da na cire safar hannu kafin na sami jijiyar Tyrell, yatsuna biyu ba su gama farfaɗowa daga sanyin ba. Kada Gwaggo ta ji. Sauran takwas ɗin ma suna aiki.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Laftana Odile Fontenot