Baƙin hoton da ya faɗo wayar Inna

Anti,

Na fita shago kina barci, ban so in tashe ki ba.

Tsohuwar wayarki da kika ba Inna, ba ki cire imel ɗinki a kai ba. Shi ya sa duk hoton da kika ɗauka da sabuwar sai ya faɗo wajenta. Ɗazu da safe ta miƙo min wayar, ta ce, "Kai ɗan boko, wannan baƙin hoton fa, kamar gindin tukunya?" Hoton ciki ne, na asibiti. Na ce mata kyamara ce ta ɗauki cikin jaka. Ta ce wayoyin zamani sun cika shisshigi.

Na cire imel ɗin, hoton ya ɓace daga wayarta. Naki yana nan. Nan gaba kafin ki ba wani waya, ki kawo in wanke ta.

Na san ke da Yaya ba ku shirya Inna ta sani ba tukuna. Daga bakina ba za ta ji ba.

Jarkokin ruwan nan kuma ki bar min su. In na dawo zan ɗauka.