Bindigar Ƙarƙashin Rumbu

Madawa

Yaya Kalla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da garka suna lahiya. Bayan haka, na gamu da mutumin kirki, Alhaji Munir na Yamai. Bawan Allah bai taɓa harbin ko ƙadangare ba, amma ƙananan bindigogi na zamanin Faransa yake tarawa cikin gilashi, yana shafa su kamar jikoki. Wai tarihi. Da na ba shi labarin wadda Baba ya zo da ita daga yaƙin Aljeriya, har miyau ya haɗiye. Ka ciro ta daga ƙarƙashin rumbu, Ilyasu ɗanka ya kawo min cikin buhun hatsi. Bana ba za mu yi bazara da yunwa ba.

Ƙanenka, Maiguwa

Tama

Maiguwa,

Assalamu alaikum. Muna lahiya, alhamdu lillahi. Na ciro ta. Ka san abin da ke jikinta: jinin jan zakara da gashinsa, na kowace shuka. Ni ne ladanin garin nan, ba zan bari baƙo ya ga wannan ba. Na goge ta da toka da lemun tsami, na sa mata man keken ɗinki, sai ƙyalli take. Ilyasu ya taso a moto. Allah ya tsare hanya.

Wanka, Kalla

Madawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Jandarma sun zazzage buhun a shingen shiga gari, Ilyasu yana hannu. Alhaji kuwa ya ce bai taɓa jin sunana ba. Da tana cikin tsatsarta da gashin zakara, da dariya za su yi. Kumandan ya ce tsohon ƙarfe ba ya ƙyalli, wannan ta ɓarayin daji ce. Na rantse mishi kayan tsafin gida ce, hatsi kawai take tsaro. Ya ce to, mai yanka mata zakaran ya zo da dattawan Tama, ya faɗa gabansu da bakinsa. In ba haka ba, Ilyasu sai babban gidan kaso. Baba ya daɗe cikin ƙasa, Yaya, zakaran bara kuma ba ni na yanka ba.

Maiguwa

Tama

Maiguwa,

Wa alaikumus salam. Dattawan da kake faɗa, da muryata suke tashi salla. Ka nemi wata hanya, kai ɗan kasuwa ne. Ina addu'a.

Kalla

Madawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na nema, babu. Cima matar Ilyasu ta iso da goyo, tana zaune bakin ƙofar jandarma. In kama maka wuri a motar da ke tasowa daga Tama, ko in nuna mata inda ake miƙa tuwo a kaso?

Ƙanenka, Maiguwa