Ƙarfenku Ya Kore Mini Mata

Zuwa ga Babban Injiniyan kamfanin kuza na Naraguta,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, ranka ya daɗe. Ni ne Sule tela, mai gidan da ke gindin dutsen da kuka kafa wa dogon ƙarfen wayar iska, wanda motocinku ke oba-oba da shi.

Na farko, an ce kun zaɓi dutsen nan don ya fi tsawo, magana ba za ta ci karo da duwatsu ba, direbanku ko yana Vom za ku ji shi. Madalla. Kun auna gabas, kun auna yamma, amma cikin injiniyoyinku masu farar hular kwano ba wanda ya dubi ƙasa. Da an duba, da an ga makewayina. Zana ce kewaye, ba rufi, don sai Allah muka sani a sama.

Na biyu, a garin nan ko gyaran jinka mutum zai hau, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Yaron goye ma ya san wannan. To, ran Laraba ma'aikacinku Lasisi ya ɗare ƙarfen zai juya eriya, shiru kamar ƙadangare, mai ɗakina Hajara tana wanka. Da suka haɗa ido, bawan Allah sai ladabi ya motsa masa, ya yi mata sannu da aiki. Sannu da aiki fa, ranka ya daɗe!

Kafin in dawo daga shago ta ɗaure kayanta, ta tafi gidan wanta a Farin Gada. Ta rantse ba ta dawowa muddin ƙarfen nan na tsaye. Na je biko, an bar ni a zaure. Wallahi raina ya ɓaci, kuma kewarta nake.

Roƙona, ku mai da ƙarfen kan dutsen da ke bayan kududdufi, can awaki kawai zai gani. In ya gagara, ku rufa mini makewayi da kwano, ku koya wa Lasisi kira kafin hawa.

Allah ya ƙara girma, ya tsare uwargidanka daga gaisuwar sama. Na zo ofishinku har na gaji, masinja yana cewa oga na magana da Vom. Kuna jin Vom, ni da ke gindin ƙarfen ba ku ji ni ba.

Wassalam.

Naku, mai dafa wa kansa tuwo,
Sule Tela, Naraguta